Igiyar Shanya a Gidan Inna Tanna

Ranar da aka rufe lekwal, wato makaranta, don hutun damina, Baiwa ba ta ko kwana a Ɗan Barto ba. Ta kulle ajinta, ta miƙa wa darekta mabuɗi, ta hau motar Matamaye da jaka ɗaya. Ban da tufafi, a cikin jakar akwai guduma, da ɗan ƙaramin zarto, da kwalin alli da ya yi saura. Shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a ƙauye, inda in benci ya karye babu wanda za a kira, saboda haka ta daɗe da sanin abin da hannunta ya iya. Ko kantar da take jera littattafan aji ita ta haɗa ta da katakon tsofaffin akwatuna.

Wayar yayanta Isufu ce ta taso da ita da gaggawa haka. Mahaifiyarsu, Inna Tanna, ta yi tuntuɓe da kasko a tsakar gida tana ɗauke da tukunyar ruwan zafi, ruwan ya zube mata a ƙwauri. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma wannan ne karo na uku da ta ji ciwo cikin wata biyu. Idonta ya daɗe yana ja da baya. Likitan ido a Damagaram ya ce ba yana ba ce da za a cire, ciwo ne mai cin gani a hankali, maganin ɗigawa zai rage masa sauri amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Yanzu tana bambanta haske da duhu, tana gane fari in ya zo kusa, sauran kuwa dishi-dishi.

Isufu yana da shagon kayan babur a Damagaram, kuma mutum ne da in ya yanke shawara ba ya son a maimaita masa. Ya ce ya riga ya gyara wa Inna ɗaki a gidansa, da fanka da komai, nan da sati biyu zai zo da mota ya ɗauke ta. Baiwa ta roƙe shi ya bar mata sati biyun nan ta gwada wani abu. Ya ce ai dama nata ne, ta yi abin da ta ga dama da su, shi dai ya gama magana.

Gidan na laka ne da rufin kwano, sasa biyu da gajeriyar katanga a tsakani. Inna na ɗaya, ɗayan kuma Maryama ce da iyalinta, matar ɗan ƙanin marigayi babansu. Maryama takan leƙo safe da yamma, amma tana da furar da take kaiwa tasha, ba ta wuni a gida. Shekara arba'in da shida Inna ta yi a sasan nan, kuma ba ta taɓa jefar da abu ba. Ƙarƙashin gado cike yake da kwanuka da ƙore. Ledoji da ƙulle-ƙullen kuka da kuɓewa da kanwa suna rataye ko'ina, wasu a soke a jikin azara. A tsakar gida ga turmi, ga kasko, ga tsohuwar randa da ta fashe tun Baiwa na budurwa, kuma da an yi ruwa sai wurin ya zama taɓo mai santsi.

Baiwa ta tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ƙafar a miƙe an shafa mata magani. Bayan sun gaisa sun tambayi kowa da kowa, Inna ce ta fara tayar da maganar. Ta ce bara ta yi kwana tara a gidan Isufu lokacin ganin likita, an zaunar da ita gaban talabijin ɗin da ba ta gani, ruwan sha ma sai an miƙo mata, har ƙafafunta suka kumbura don zama. Matarsa ba ta rage ta da komai ba, wannan ba ta musu. Amma ba ta komawa.

"Ki faɗa wa yayanki ni ba buhun gero ba ce, da za a ɗauka a jingine a wani ɗaki," in ji ta.

"Ba sai na faɗa masa ba, Inna. Zai zo ya gani da idonsa," in ji Baiwa.

Kwana biyu ta yi tana tara kaya. Bawa mai faci na bakin tasha ya ba ta robar cikin taya da ta gama aiki, har guda uku. Wajen masu sayar da man girki ta samo bido, wato jarkoki, huɗu da suka tsage, irin rawayan nan na lita ashirin da biyar, waɗanda ba sa riƙe ruwa kuma. Wata mai abinci ta tara mata manyan gwangwanayen tumatir. Ta sayo ƙusoshi da farar ƙasa da igiya a kasuwa, ta kuma roƙi guntayen bulo a wani wurin gini, aka kawo mata a amalanke. Inna na jin ana sauke kaya ta tambaya ko bola Baiwa ta zo buɗewa a gidan ubanta. Baiwa ta yi dariya ta ce ta dai jira.

A kwana na huɗu aka yi suna a Dungu, ƙanwar Maryama ce ta haihu, Inna ta ce ko da rarrafe sai ta je. Suna fita da sassafe Baiwa ta ɗaura ɗankwali ta fitar da komai na ɗakin waje.

Ta yanke bidon nan a karkace, ta wanke su da toka da sabulu har maiƙon ya fita, ta kafa katako a bango ta buga su a jere, suka zama aljihuna masu faɗi. Ƙulle-ƙullen kayan miya ta juye su a gwangwanaye. Tukwane ta rataye su daga babba zuwa ƙarama. Gado ta ja shi ƙarƙashin taga don iska, akwatin tufafi ya koma inda gadon yake. Buta da tabarmar salla ta ba su kusurwa guda. Abin da ta ga ba a amfani da shi ta kai ɗakin baya. Kafin la'asar ta share ta yayyafa ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ba ta taɓa ganin ɗakin da faɗi haka ba, kuma ta ji daɗin aikinta ƙwarai.

Dab da magariba suka dawo. Inna ta yi sallama, ta sunkuya hagu da ƙofa za ta ɗauki buta, hannunta ya taɓa ƙasa. Baiwa ta ce ai tana dama yanzu, ta miƙo mata. Da ta gama alwala ta shiga ɗaki ta nufi inda tabarma take rataye shekara da shekaru, sai ta yi karo da akwati. Ta juya tana laluben gado, ta bugi gwiwa da ƙafarsa. Nan ta zauna a bakin gadon. Baiwa ta shiga yi mata bayani kamar tana gaban allo: wannan na nan, wancan na can, ga dalili, in ta saba za ta ga ya fi sauƙi. Inna ta bari har ta kai ƙarshe.

"Da safe na bar ɗakina, yanzu na dawo ɗakin wata," in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. "Idona ya tafi, amma hannuna ya san gidan nan. Yau shi ma kin makantar da shi."

Ta ƙara da cewa in dai baƙunta za ta yi, gara ta yi ta a gidan Isufu, can ko ba komai akwai fanka.

Maganar ta soki Baiwa. Ta miƙa mata tabarma, ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi. Da farko haushi ta ji, don tafin hannunta duk ya yi kanta. Amma ba ta daɗe ba ta gane inda ta kuskure. Ta shirya ɗakin ne don mai ido, wato don kanta. Duk abin da ta yi yana da kyan kallo, kuma wadda aka yi dominta ba kallo take yi ba. Da ta gane haka hankalinta ya kwanta, don kuskuren na gyaruwa ne, kayan aiki suna nan, kuma akwai sauran kwana goma.

Washegari bayan sun karya ta ba Inna haƙuri. Ta mayar da gado da akwati inda suke, ta dawo da buta hagu da ƙofa. Sannan ta ce tana roƙon abu ɗaya: Inna ta yi harkokinta kamar babu kowa a gidan, kuma duk abin da ta nema ta miƙa hannu inda ta saba, ko da babu shi a wurin. Inna ta ce wannan kuma wane irin wasa ne. Amma ta yi.

Kwana biyu Baiwa ba ta buga ƙusa ko ɗaya ba. Tana biye da uwarta da alli a hannu, duk inda hannun Inna ya sauka ta yi alama ta rubuta sunan abin. Nan ta ga abubuwan da ba ta taɓa lura da su ba. Aljihunan da ta buga sun yi wa Inna tsawo, don ita gajeriya ce kuma ta ranƙwafa. A zaune take girki, gishiri kullum kusa da gwiwarta ta dama, ludayi a bayanta. In za ta fita ɗaki takan dafa bango a wuri ɗaya, wurin har ya yi sulɓi ya yi duhu. Daga ƙofa zuwa randar ruwan sha kuma ba ta miƙewa, sai ta yi kwana ta kauce wa fili fetal. Baiwa ta tambaye ta dalili, ta ce darbejiya take kewayewa. An sare darbejiyar nan shekara goma da suka wuce.

Sai ga bango da ƙasa sun cika da farin zane. Maryama ta leƙo ta ce gidan ya koma aji. Daga nan Baiwa ta ciro katakon ta sauko da shi, ta raba aljihunan bido, kowanne ta kai shi kan alamarsa. Jerin bai miƙe ba, wani sama wani ƙasa, wani ma a bayan ƙofa, amma duk inda Inna ta miƙa hannu sai ta ji abin da take nema. A wurin da take dafawa Baiwa ta kafa guntun icce mai kauri ya zama mariƙi. Hanyar tsakar gida ta shimfiɗa ta da guntayen bulo, ta daddale su da taɓarya, ta bar ta da kwanarta yadda Inna ke bi, har da kewaye darbejiyar da babu ita. Ƙafa na jin bambancin bulo da ƙasa, kuma ko an yi ruwa babu santsi.

Gwangwanayen kayan miya ta yanka robar taya ta ɗaura musu: gishiri zobe ɗaya, yaji biyu, kanwa uku. Za ta ɗaura wa na daddawa huɗu Inna ta hana, ta ce hancinta bai makance ba tukuna. Maganin ido kwalba biyu ne, na safe da na yamma, kuma girmansu ɗaya. Baiwa ta naɗe na safen da zare, ta yanke gindin gorar roba ta buga a jikin bango kusa da matashi, ta ajiye su ciki. Zuwa yanzu Inna ta daina tsaki ta fara ba da umarni. Ita ta ce a fito da ƙoren da aka kai ɗakin baya, uku daga ciki na aiki ne. Ita ta ce fasasshiyar randar nan kada a jefar, a kife ta kusa da katanga kaji su riƙa kwana.

A kan igiya suka sake saɓawa. Baiwa ta so ta ja igiya daga ƙofar ɗaki zuwa randa, zuwa madafi, zuwa bayi, don in Inna ta rikice ta samu abin bi. Inna ta ce sam.

"Ni akuya ce? Mata su shigo su ga an ɗaura mini igiya?"

Baiwa ba ta yi gardama ba. Da yamma ta ce igiyar shanyar gidan ta ruɓe, za ta sake wata. Ta kafa sanduna, ta ja sabuwar igiya daidai kafaɗar Inna, ta bi da ita gefen hanyar bulo. Kusa da randa ta yi ƙulli ɗaya, a bakin madafi biyu, a ƙofar bayi uku. Ta wanke ɗankwali biyu da zane ta shanya a can ƙarshe. Ba ta yi bayanin ƙullin ba, Inna ma ba ta tambaya ba. Bayan kwana biyu Baiwa na tankaɗe ta hango Inna tana tafiya da sauri kamar da, yatsa biyu na zamewa a kan igiyar, ta kai ƙulli ɗaya ta tsaya ta sunkuya ta buɗe randa. Baiwa ta mayar da kanta kan rariya.

Babban aikin shi ne murhu. Duwatsu uku ne kamar na kowa, ɗaya na girgiɗi, kuma wuta na fita ta kowane gefe tana neman bakin zane. Baiwa ta taɓa ganin murhun laka a Ɗan Barto, wanda tukunya ke zama a ciki daram, icce na shiga ta baki ɗaya. Siffar ta sani, haɗin ne ba ta sani ba. Na farko da ta gina ya tsattsage kafin ya bushe. Inna ta shafa shi da hannu ta ce wannan ai ba laka ba ce, yashi ne. Ta aika ta bakin tafki ta ɗebo mai danƙo, ta sa ta haɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki, a rufe ya kwana biyu kafin a taɓa. Da aka zo ginin Inna ce ta zauna ta riƙa murza gefen da ruwa, tana gwada tukunyarta a ciki har ta zauna daidai. Sun gina shi a ƙarƙashin rumfa, suka busar da shi da ƙaramar wuta.

Ɗaukar tukunyar ruwan zafi kuwa Baiwa ta kashe ta gaba ɗaya. Ta yanke saman gorar roba mai kauri ya zama mazurari, ta rataye shi kusa da murhu. Inna za ta fara zuba ruwan sanyi a buta, ta kafa mazurari, ta ɗebi na zafin da moɗa ta ƙara, tukunya na zaune inda take.

Ana saura kwana uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hanyar bulo ta tsaya, igiya ta ɗan saki aka ƙara ja. Amma farar ƙasar da Baiwa ta shafa a dokin ƙofa, da bakin randa, da gefen bayi, don idon Inna ya riƙa kama su, duk ta wanke ta bi ruwa. Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce su da suna amare ba a shafa farar ƙasa haka tsura, sai an jiƙa ƙaro an zuba, a ƙara ɗan gishiri. Baiwa ta samo ƙaro wajen mai kayan koli ta yi yadda aka ce. Ruwan da aka yi washegari bai taɓa shi ba.

Ranar Asabar da hantsi Isufu ya iso. Ya shigo da sallama, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiya yana cewa wa ya yi shanya a tsakiyar gida haka ƙasa-ƙasa. Ya tuɓe takalmansa ya durƙusa ya gaida Inna. Ta amsa, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙe ta ce bari ta kawo masa ruwa. Ya ce ta zauna Baiwa ta kawo. Ta yi kamar ba ta ji ba. Taku uku ta yi ta tsaya.

"Takalmin wa ne a kan hanyata?"

Isufu ya tashi da sauri ya kwashe. Baiwa ta gaya masa dokar gidan guda ce yanzu: ba a ajiye komai a kan bulo, kuma duk wanda ya ɗauki abu ya mayar inda ya ɗauka. Ya tsaya da takalma a hannu yana kallon uwarsa ta kai randa, ta ɗebo ruwa, ta dawo ba ta zubar ba.

Inna ta ce ba za a yi wata magana ba sai an ci abinci, kuma ita za ta dafa. Isufu ya zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa kamar yana duba salula, amma idonsa na kan madafi. Ya ga ta hura wuta, ta ɗora tukunya, tukunyar ta zauna cikin murhu ba motsi. Ya ga hannunta ya tafi gwangwani, babban yatsa ya shafa roba, ta ɗebi gishiri. Sau ɗaya ta ɗauko na kanwa, ta shafa, ta mayar, ta ɗauki na kusa da shi. Da ta zo tuƙa tuwo ya yunƙura zai tashi, Baiwa ta girgiza masa kai ya koma. Tuwon gero ne da miyar kuka. Ya ci ya ƙara.

Bayan azahar ya kira Baiwa zaure. Ya ce ya ga aiki, kuma ba zai raina shi ba. Amma gwangwani da igiya ba sa kashe gobara. Watan Oktoba za ta koma lekwal, idon kuma likita ya faɗa musu gaba zai yi ba baya ba. In wani abu ya faru, shi za a tambaya, kuma shi ba zai yafe wa kansa ba.

Baiwa ta ce duk gaskiya ne. Idon zai ƙara tafiya, shi ya sa ma ta yi aikin yanzu, tun Inna na da sauran haske, don hannu da ƙafa su riga su haddace. In aka kai ta Damagaram sai ta fara koyon sabon gida daga farko, a kan tayil mai santsi, kuma babu wanda zai bar ta ta taɓa ko tsintsiya. Ɗan Barto ba nisa, duk ƙarshen sati za ta zo ta duba abin da ya saki.

"Wutar ce ke hana ni barci," in ji Isufu.

"Ni ma ita ce, Yaya. Sai mu yi mata doka a kan wutar, mu bar mata sauran."

Suka koma ciki tare, aka kira Maryama. Aka tsaya a kan cewa Inna ba za ta hura wuta ba sai Maryama na gida, wato da safe kafin ta tafi tasha da kuma bayan ta dawo. Inna ta ce yanzu kuma sai ta nemi izini kafin ta dafa ruwan shayi a gidanta. Maryama ta ce ba izini ba ne, ta dai buga mata katanga da muciya ta san an fara. Inna ta yi ɗan gunaguni ta yarda. Sannan ta juya inda take jin numfashin ɗanta.

"Isufu, na san don ni kake yi, Allah ya yi maka albarka. Ranar da na kasa, ni da bakina zan ce ka zo ka ɗauke ni. Ba na jin kunyarka. Amma ranar ba ta zo ba."

Isufu ya ce to, a bar shi zuwa bayan kaka, lokacin da za a koma wajen likita, a ga abin da zai ce. Ya kuma ce wa Baiwa in lokacin ya yi ta riga su zuwa Damagaram da kwana ɗaya, ta duba ɗakin can, don ya lura ko mariƙi babu a banɗakin.

Zai fita ya ji ƙyauren zaure na jan ƙasa, sai an ɗaga shi kafin ya buɗe. Ya ce wannan kam shi zai gyara, a ba shi guduma. Baiwa ta yanko masa guntun taya ta nuna masa inda zai sa a ƙarƙashin ƙarfen. Bugu na biyu ya samu babban yatsansa. Inna daga ciki ta ji ƙarar ta canza, ta ce babansu ma haka yake, bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba. Isufu ya sa yatsan a baki, ya ƙarasa aikin a hankali, ƙyauren ya buɗe ba ƙara.

Da la'asar ya tafi. Inna ta sa an ɗora masa ƙullin kuka da busasshen zogale a kujerar baya, a kai wa matarsa. Da ƙarar motar ta ɓace ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta cire ɗankwali, ta ce wa Baiwa ta ɗauko mataji da man kitso. Gobe akwai gaisuwa a unguwar gabas, kuma ba za ta shiga cikin mata da kai haka ba.